Babi na Shida: Jiragen Lilo a Bakin Tafkin Erie

Sandusky ƙaramin gari ne a arewacin jihar Ohio ta Amurka, kimanin kilomita 100 yamma da birnin Cleveland. Ba don wani siririn zirin ƙasa da ya fita daga gefensa ya kutsa cikin tafkin Erie ba, da wuya a sami wanda zai niƙo gari daga wata nahiya ya nufo shi. A kan zirin nan ne Cedar Point yake. An buɗe shi a 1870 don wanka a bakin tafki da kiɗa da raye-raye, jiragen ruwa ne ke kawo mutane su kuma kwashe su da yamma. Jirgin lilo na farko da aka kafa a can, a 1892, tsayinsa bai cika mita 8 ba, gudunsa kuwa kilomita 16 ne a awa.

Yau hanyar mota ce ke ratsa ruwa ta kai mutum har bakin ƙofa, kuma tun daga tsakiyarta ake hango abin da aka zo dominsa: tuddan ƙarfe, ja da shuɗi da kore, sun yi cirko-cirko a sama, ruwa ta dama, ruwa ta hagu. Wurin ba ya aiki duk shekara. Daga Mayu ne zuwa wajen ƙarshen Oktoba, sannan a garƙame shi, don sanyin tafkin ba ya barin kowa ya zauna a buɗaɗɗen tarago. Ni cikin zafinsu na je, tare da ɗan yayata da ke karatu a jihar, wanda ya yarda ya tuƙa ni bisa sharaɗin ba zan tilasta masa hawa komai ba.

Sunan Cedar Point a wurin masu wannan sha'awa ya samo asali ne daga tseren tsayi. Amurkawa da ƙafa suke awo, kuma a nan ne aka fara kafa jirgin lilo mai zagayowa ya dawo tasharsa da ya haura ƙafa 200, a nan aka fara haura 300, a nan aka fara haura 400, duk tsakanin 1989 da 2003. Mujallar Amusement Today, wadda ke tattara ƙuri'un masana harkar, ta ba shi kambun wurin shaƙatawa mafi kyau a duniya shekara 16 a jere, kafin Europa-Park na Jamus ya karɓe a 2014. Wanda duk ya zo nan da lambobi a ka yake zuwa. Ni ma haka na zo, sai dai abin da zan faɗa a wannan babi shi ne lambobin ba su ne ke yanke hukunci ba. Jirgin da ya fi tsaya mini a rai yana cikin gajerun wurin.

Na bakin ƙofa ba za su ci mana lokaci ba. GateKeeper, na 2013, kujerunsa a gefe da gefen dogo suke, babu komai a sama, babu komai a ƙasa, kuma yana kutsawa ta cikin wasu siraran kafofi biyu a hasumiyoyin da ke kan ƙofar shiga, har mutum ya tattare ƙafafunsa ba tare da ya sani ba. Kyakkyawa ne a ido, mai laushi a jiki, amma ya fi daɗin kallo daga ƙasa. Valravn, na 2016, yana kai mutum mita 68 ya tsayar da shi a bakin gangara, fuska na kallon ƙasa, na 'yan daƙiƙu, sannan ya sake shi a miƙe. Wannan tsayawar ce duk abin da yake sayarwa, abin da ya biyo baya cikon lokaci ne. Raptor na 1994, wanda taragonsa ke rataye a ƙarƙashin dogo ƙafafu na reto, ya girme su duka biyun kuma ya fi su zafi: adungure shida yake yi da mutum, ƙarshensa kuma wani zagaye ne mai matse jini zuwa tafin ƙafa. Duk ukun kamfanin Bolliger & Mabillard na Suwizalan ne ya ƙera su, kuma aikinsu ba ya ɓuya. Santsi ne, tsaf, ba cuta ba cutarwa.

A nan ɗan yayata ya dube ni ya ce, "Kawu, hular nan ko dai a cire ta, ko a yi mata bankwana." Gaskiyarsa. Wanda zai zo daga gida ya bar babbar riga da zanna-bukar a masauki, mace kuma ta ɗaure mayafinta tam ta cusa bakinsa cikin riga, domin iska a kilomita 150 ba ta san mutunci ba.

Wanda yake son ya fahimci yadda abin ke aiki, ya fara da Blue Streak, na katako, wanda ya fi kowane tsufa a cikin masu aiki a wurin. Tun 1964 yake nan, tsayinsa mita 24. Taragon ba shi da inji. Sarƙa ce ke jan shi zuwa tudun farko, daga nan kuma nauyinsa ne ke tafe da shi har ya dawo, shi ya sa babu wani tudu na gaba da ya kai na farkon tsayi. Ƙarar nan ta ƙas-ƙas-ƙas da ake ji lokacin hawa, wadda ke sa cikin baƙo ya ɗuri ruwa, ƙarar kariya ce: wata ƙugiya ce a ƙarƙashin tarago ke bin haƙoran ƙarfe, ta yadda ko sarƙar ta tsinke ba zai koma baya ba. Tayoyi kuwa kashi uku ne, na saman dogo, na gefe, da na ƙarƙashi. Na ƙarƙashin, waɗanda wani Ba'amurke mai suna John Miller ya yi wa rajista a 1919, su ne suka buɗe ƙofar duk abin da ya biyo baya. Da su ne za a iya tura tarago kan tudu da gudun da ya isa ya cilla shi sama, dogo ya riƙe shi, amma jikin mahayi ya tashi daga kujera.

Wannan tashin shi ne abin da masu harkar ke bi ƙasa-ƙasa suna nema. Duk wanda ya taɓa zama a bayan motar haya direba ya haye ƙaramar gada mai tozo bai rage gudu ba, hanjinsa ya yi sama na ƙiftawar ido, ya ɗanɗana shi. Injiniyan jirgin lilo aikinsa ya tsawaita wannan ƙiftawar, ya maimaita ta, ya sarrafa ƙarfinta. Iri biyu ce. Akwai mai laushi, inda mutum ke ji ya rasa nauyi yana shawagi tsakanin kujera da sandar da ke kan cinyarsa. Akwai mai fizga, inda taragon ke nutsewa da sauri fiye da faɗuwar jiki, sai sandar ce kawai ta hana mutum tafiya. Da wannan ma'auni nake auna jiragen da ke tafe.

Magnum XL-200 shi ya kunna wutar tseren, a 1989. Shugaban wurin na lokacin, Dick Kinzel, ya ga wani jirgi mai suna Bandit da aka buɗe a Japan, wanda ba ya adungure ko ɗaya, tuddai ne kawai da gudu, ya ce irinsa yake so. Kamfanin Arrow Dynamics ya kawo zanen da bai kai ƙafa 200 ba, aka ce a ƙara, ya tsaya a 205, wato mita 62. Wanda ya zana shi, Ron Toomer, ya yi aiki a shirin sararin samaniya na Amurka kafin ya koma wannan sana'a, kuma an san shi da cewa tafiya na sa shi jiri, bai cika hawan abin da ya zana ba. A zamaninsa kwamfuta ba ta kai yadda take yau ba wajen lissafa lanƙwasar dogo, don haka tuddan Magnum na dawowa ba su da zagayayyen kai. Sun fi kusa da kusurwa: miƙaƙƙen hawa, karyewa, miƙaƙƙiyar sauka. Sakamakon shi ne fizga bayan fizga, a bakin rairayin tafki, wasu ma cikin duhun rumfa. Masu harkar sun rabu biyu a kansa. Wasu na cewa ya tsufa, yana jijjiga ƙashi. Ni ina cikin masu cewa abin da ake kira aibinsa shi ne gishirinsa. Tsofaffin mahaya sukan ba da shawarar a ɗaure bel sosai don ya riƙe ƙugu kafin cinya ta kai ga sanda, kuma shawara ce mai amfani. Daga ƙololuwarsa, in gari ya yi wasai, ana iya hango tsibirin da ke ɓangaren Kanada.

Shekara 11 bayan haka aka zo da Millennium Force, wanda aka buɗe a watan Mayun 2000 kan kuɗi dala miliyan 25. Mita 94 ne tsayinsa, gangarar farko mita 91 a karkace digiri 80, gudunsa kilomita 150 a awa, dogonsa ya ɗan haura kilomita biyu. Kamfanin Intamin ne ya ƙera, lissafin kuma na ofishin Werner Stengel ne, Bajamushen injiniyan da hannunsa ke cikin ɗaruruwan jiragen lilo a duniya. Sarƙa mai wannan tsawo nauyinta ya yi yawa, sai aka yi amfani da igiyar ƙarfe irin ta lifta, wadda ke fizgar tarago zuwa sama cikin ƙasa da rabin minti. Babu ƙas-ƙas mai tsawo, babu lokacin yin nadama. Kujerun a buɗe suke, ba bango a gefe, sanda ɗaya ce a cinya da bel, ta hagu kuwa ba abin da ke tsakanin mutum da ruwa sai iska.

Gangarar farko ta cancanci sunanta. A kujerar baya, taragon gaba ne ke jawo mutum ya haye ƙololuwa da gudu, ya bar kujera tun kafin ya ga ƙasa, kuma ba ya komawa kanta sai an kusa ƙasan. Nan take dogon ya sake hawa ya kwanta a wata kwana da ta wuce tsaye, digiri 122. A daidai nan mutane da yawa sukan ga duhu-duhu ya rufo ta gefen ido. Ba sihiri ba ne: a gindin gangara nauyin jiki na ninkuwa kusan sau huɗu, jini ya yi ƙasa, ido ya rasa rabonsa na ɗan lokaci. Wanda bai sha ruwa ba ko bai karya ba ya fi fuskantar haka. Daga nan sai rumfa mai duhu, sai babban tudu, sai zagaye a kan wani tsibiri, sai dawowa. Ba adungure ko ɗaya. Tsayawarsa ma abin lura ce: faranti ne na ƙarfe ke ratsawa tsakanin maganaɗisu, ba abin da ke gogar wani, gudun ya mutu a hankali, kuma birki ne da ba ya jiran wutar lantarki.

Hukuncina a kansa zai ɓata wa masoyansa rai. Bayan daƙiƙu talatin na farko, Millennium Force gudu ne tsantsa cikin manyan kwanoni masu faɗi, jiki na zaune daram. Daɗi ne, amma daɗin iska a fuska. Ya fi armashi da dare, in dai an rufe baki, domin a farkon bazara ƙananan ƙwarin tafkin kan taso da yawa, kuma na kujerar gaba shi ke share wa na baya hanya. Kambun tsayin ma bai daɗe a hannunsa ba. Cikin watan Agustan shekarar da aka buɗe shi, Steel Dragon 2000 na Japan ya ɗara shi da 'yan mitoci.

Da azahar muka koma mota. Wanda ke kiyaye abin da yake ci gara ya yi guzuri, ko ya tsaya kan dankali da kifi, kuma gefen mota a filin ajiya ya ishi mutum ya shimfiɗa darduma, muddin ya tabbatar da ƙa'idar fita da dawowa a bakin ƙofa. Sai maganar layi. A rana mai cunkoso, jiran manyan jirage kan haura awa guda don tafiyar minti biyu. Akwai tikiti na musamman, Fast Lane, mai bi da mutum ta gajeren layi, wanda sau da yawa ya fi kuɗin shiga tsada. Ban ga laifin wanda ya taso daga Kano ko Maraɗi ya saya ba, tunda ba gobe zai dawo ba, ko da yake wuce mutanen da suka daɗe a rana yana da ɗan nauyi a fuska. Iska ma tana da tata dokar. In ta taso daga tafki da ƙarfi, ko aka hango walƙiya, dogayen jirage su ake fara tsayarwa.

Ƙarshen tseren tsayi a nan shi ne Top Thrill Dragster na 2003: mita 128, daga tsaye cik zuwa kilomita 193 a awa cikin daƙiƙa huɗu, a hau hasumiya a miƙe, a sauko ana murɗawa, a tsaya. Daƙiƙa 17 ke nan duka. Matsin mai ne ke juya wata ƙatuwar ganga ta fizgo igiya, inji mai ban mamaki amma mai yawan laulayi. Wani lokaci gudun kan gaza, taragon ya kasa haye hasumiya ya dawo da baya, abin da ke firgita baƙi amma masu harkar ke addu'ar ya faɗo a kansu. A 2005 Kingda Ka na jihar New Jersey ya ɗara shi, tsayinsa mita 139. A 2010 Formula Rossa na Abu Dhabi, wanda mutanenmu masu zuwa Dubai za su iya kaiwa a mota, ya ɗauke kambun gudu da kilomita 240, har sai an sa wa mahaya tabarau saboda yashi. A watan Agustan 2021 wani ƙarfe ya ɓalle daga taragon Dragster ya ji wa wata mata da ke layi mummunan rauni, aka rufe shi. Kamfanin Zamperla na Italiya ya sake fasalinsa, aka buɗe a 2024 da sunan Top Thrill 2, aka sake rufewa bayan kwanaki kaɗan don gyaran taragai, sai a 2025 ya zauna da gindinsa. Shi kuwa Kingda Ka, a farkon 2025 aka rushe shi.

Top Thrill 2 ya fi tsohon Dragster hankali. Maganaɗisu ne ke tura shi yanzu, sau uku: gaba har ya kusa rabin hasumiya ya dawo, baya zuwa wani sabon ginshiƙi mai tsayi ɗaya da hasumiyar, sannan gaba da cikakken gudu. Tashin nan da baya, mutum na kallon ƙasa tana nisa kuma ba nauyi a jikinsa, ya fi haye hasumiyar kansa daɗi. Amma da aka sauka ban ji ƙafata na jana zuwa layi ba. Abu ne da ake yi don a ce an yi.

Can ƙuryar zirin, a unguwar da aka yi wa ado irin na kaboyi, a nan Maverick yake. Bayan mita 128 na Dragster, wurin da ya saba da karya tarihi ya gina jirgi mai mita 32 kacal a 2007, mutane suka yi ta gunaguni kafin su hau. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Gangararsa ta farko digiri 95 ce, wato ta wuce tsaye ta lanƙwasa ciki, don haka ba a ganin dogon da za a bi. Daga nan ba ya sake barin ƙasa da nisa. Yana bi tsakanin duwatsu, ya karkata dama, kafin jiki ya daidaita ya watsa shi hagu, ya haye tudu guda mai fizga da ya fi duk na Millennium Force ƙarfi, ya yi adungure biyu. Sai ya shiga wata rumfa mai duhu a ƙarƙashin tasha ya rage gudu har mutum ya ɗauka an gama. A nan maganaɗisu ke harba shi zuwa kilomita 113, ya fito haske ya kwanta a kan tafki ruwa na tartsatsi. Kusancin ƙasa da duwatsu ne ke ninka gudun a ido, gajeren tarago mai mutum 12 kuma shi ke ba shi damar juyin da dogon tarago ba zai iya ba. Shi ne aiki na 500 da ofishin Stengel ya lissafa. A zanen farko akwai adungure na uku bayan rumfar, amma gwaji ya nuna yana wahalar da taragai fiye da kima, aka cire shi kafin a buɗe wa jama'a, abin da ya jinkirta buɗewar da makonni. Wanda ya hau abin da ya rage zai yi mamakin me aka cire.

A nan ne ɗan yayata, wanda ya yini yana riƙon jaka, ya dubi tsayin ya ce, "Kawu, wannan ƙaramin ai zan iya." Ban ce masa komai ba. Da aka sauka ya daɗe bai yi mini magana ba, daga bisani ya tambaya ko layin ya ragu.

Maƙwabcinsa Steel Vengeance ne, kuma shi ne wanda mafi yawan masu harkar za su ce ya fi kowa a wurin. Asalinsa Mean Streak ne, ƙaton jirgin katako na 1991 wanda ya yi suna wajen jijjiga har layinsa ya bushe, aka rufe shi a 2016. Maimakon a rushe, aka kira kamfanin Rocky Mountain Construction na jihar Idaho, wanda sana'arsa ke nan: ya bar gangar jikin katako, ya cire tsohon dogo, ya ɗora na ƙarfe da aka yanka da kwamfuta. Alan Schilke ya zana sabuwar hanyar. Aka ɗaga tudun farko daga mita 49 zuwa 62, aka miƙar da gangarar ta zama digiri 90, aka sa adungure huɗu, aka buɗe a 2018. Tsawon dogon mita 1,750 ne, kuma masu wurin sun lissafa cewa mahayi na shafe daƙiƙa 27 ba ya kan kujerarsa. Ba a yarda da waya ko makulli a aljihu ba. Akwai akwatunan ajiya a kan layi da na'urar gano ƙarfe, kuma wanda ya hau zai gane dalili.

Rabin farko a sarari ake yinsa, manyan tuddai da ke karkata waje, ta yadda ake cilla mutum sama da gefe lokaci guda. Rabi na biyu a cikin cikin katakon yake. Ginshiƙai na wucewa ta kai da ta kafaɗa, haske na shiga yana fita, ba a sanin inda aka dosa, ana cikin haka sai a ga ƙasa ta koma sama. Inda sauran jirage ke yin sanyi a ƙarshe, shi ƙananan tuddai ya jera, kowanne na fizga, har sai cinya ta fara neman afuwa. Ba ni da abin da zan rage masa a fasaha. Inda na fifita Maverick shi ne numfashi: Steel Vengeance tsawa yake yi daga farko har ƙarshe, daɗi kan daɗi har su cakuɗe a kasa tuna wanne ne wanne, shi kuwa Maverick ya san inda zai yi shiru a cikin rumfar nan kafin ya sake bugawa. Wani dattijo Ba'amurke da muka yi layi tare, sanye da rigar ƙungiyar American Coaster Enthusiasts, wadda ke nan tun 1978, bai yarda da ni ba ko kaɗan. A ganinsa ban hau shi a kujerar baya da dare ba ne, lokacin da man tayoyi ya yi zafi jirgin ya ƙara gudu, cikin katakon kuma ya yi baƙi ƙirin. Ƙa'idar wurin ita ce duk wanda ya shiga layi kafin lokacin rufewa za a ɗauke shi, don haka muka bar Maverick saura 'yan mintoci, muka bi dattijon a guje.